Jar Takarda a Ƙofar Inna

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da amaryarka. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Baban yara yana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, sai "to, to, Yaya, zan kira ki," ka kashe. Takarda kuwa ba ta da maɓallin kashewa. Ka karanta ko ka ƙi, na dai faɗa.

Maganar ɗakin Inna ce. Ran hutuna na je na same ta a kan keken ɗinki, ta lulluɓa da bargo har ka, yatsunta sun ƙage ta kasa zura zare a allura. Hita na lungu a kashe. Na ce me ya hana ki kunnawa, ta ce kunna ta da barinta duk ɗaya, ɗumin ba ya zama, mita ce kawai ke gudu. Kuma gaskiyarta. Ka san saman benen nan, da sanyi iska ta ko'ina, da zafi rufin ya sauko maka a ka. Ƙyallayen da take cusawa a tsagar taga da ƙarƙashin ƙofa yanzu sun kai har silin, kowace kafa da tsummanta. Likita ya ce ƙirjin nan nata ba ya son sanyi, ita kuma ta ce likita bai taɓa biya mata wuta ba.

Tun da tsohon mai gidan ya rasu ɗansa ya gada, ko ƙusa ba a buga a ginin nan ba. Mai Tabarau muke ce masa, don ko a matakala mai duhu ba ya cire baƙin gilashi. In ya zo karɓar haya aka nuna masa taga, sai ya ce za a duba, ya sauka yana kaɗa makullin mota.

Na ce ta dawo wurina, ka san amsar. A ɗakin nan ta haife ka, a nan Baba ya cika, masu kawo mata ɗinki nan suka sani. Ta ce ita da ƙafarta ba za ta bar benen nan ba.

To ga ka yanzu a hukumar duba gidajen haya. Inna ta cika unguwa da labari, Mai Shago na ƙasa ya ce ya ji har ya haddace. Ni ban san abin da kuke dubawa ba, amma na ji a rediyo an yi doka, wai dole masu gidaje su gyara duk gidan da ke shan wuta a banza. In dokar gaske ce ba ta rediyo ba, ga gidan uwarka nan. Ba gori nake maka ba, amma keken nan ne ya kai ka makaranta, kuma kana jin ƙararsa kake barci.

Ka gaida amarya. Ka ce mata na ga hoton, ta rame ko mai ɗauka ne bai iya ba?

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan dubun gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na karɓi taki, na kuma karanta ta har ƙarshe, tunda ba ta da maɓalli.

Dokar gaske ce, Yaya. Bari in yi miki bayani dalla-dalla, don in kin fahimta Inna ma ta fahimta.

Idan muka je gida, mukan rufe tagogi, mu kafa wata babbar fanka a bakin ƙofa. Fankar ta zuƙe iskar ɗakin, na'ura kuma ta auna yawan iskar da ke kutsowa ta tsagogi. Inda iska ke shiga, nan ɗumi ke fita, nan kuma wutar mai haya ke tafiya a banza. Daga nan sai a ba gida takarda ɗaya cikin uku. Koriya, gida lafiya lau. Rawaya, dole mai gida ya gyara cikin wa'adi, masu haya suna zaune a ciki, gwamnati ta ɗauki rabin aikin, kuma ba shi da ikon ƙara haya saboda gyaran. Ja kuwa, gidan bai cancanci a ba da shi hayar zama ba, sai kowa ya fita. A gidan bene ɗaki ɗaya muke gwadawa a hawan sama, abin da ya samu ya hau kan ginin duka.

Rawaya muke nema, kuma ita za mu samu. Na san ginin nan kamar yunwar cikina. Na gwada irinsa da dama, wasu ma sun fi shi lalacewa, kuma rawaya suka fito. Da zarar an manna ta, Mai Tabarau ba shi da ta cewa: sabbin tagogi, a toshe silin, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Kafin wani sanyin Inna za ta yi ɗinki babu bargo.

Wata mai zuwa ayarinmu zai zo garinku, kuma na sa ginin cikin waɗanda za mu duba. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya, ki saurare shi da kyau. An hana ma'aikaci gwada gidan da danginsa ke ciki. Da sunan mai gida ake rajistar gini, don haka ba wanda zai gane, muddin ba a nuna an san ni ba. Tare da shugaban sashenmu zan zo. Ki roƙi Inna ta daure ta ɗauke ni baƙo, kada ta kira ni Auta, kada ta tambaye ni amarya. Na san abu ne mai nauyi, amma ɗan lokaci ne mu gama mu sauka. In na bar wa wani ayarin, sai a shekara ba a zo kan ginin nan ba.

Amarya ba ramewa ta yi ba, dalili ne, za ki ji nan gaba. Ki miƙa gaisuwata ga Baban yara da yaran duka.

Ƙanenki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa dai, tunda an saba.

Ja ce. Ka sani, kai ka manna ta. Na taso daga aiki na tarar da ita a ƙofar shiga, mutanen gidan sun yi cirko-cirko a gabanta, Malama ta hawan tsakiya tana karanta musu. Ba ka tsaya ba, ba ka neme ni ba, na kira ka wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Ranar ina aiki, wankin asibiti ba ya jiran kowa, don haka daga bakin Inna na ji yadda aka yi. Ta ce kun hau kai da wani dogo mai furfura, ka yi sallama, ka ce mata, "Sannu da gida, baiwar Allah." Baiwar Allah, Auta. Ta kawo muku ruwa, shugabanka ya sha, kai ka ce ka gode. Ta koma bakin gado ta zauna, ta dafe bakinta da hannu don kada sunanka ya suɓuce mata. Ta ce da fankar ta tashi sai labule ya miƙe, ɗakin ya ɗauki fito ta ko'ina, ta ga ka kalli na'urar, ka sake kallo, ka share goshi. Ka san abin da ya dame ta duk cikin wannan? Wai ka hau bene da kaya kuma ba ka sha ruwa ba.

Ka yi zaton maƙwabta ba su gane ka ba ne da ka wuce su a matakala? Mutanen da suka goya ka? Inna ce ta bi su ɗaki-ɗaki kafin ranar, ta roƙe su kowa ya kau da kai, ta ce ɗanta zai kawo musu gyara. Mai Shago har juya baya ya yi yana jera gwangwanayen da ya riga ya jera. Duk sun rufa maka asiri, ga ladan da suka samu.

Mai Tabarau bai ɓata lokaci ba. Washegari ya zo da takardun sallama, kowane ɗaki da tasa, yana rabawa yana ba da haƙuri, wai ba shi ba ne, hukuma ce. Ranar na fara ganin haƙoransa. Malama ta tambaye shi yaushe za a fara gyara su san ranar dawowa. Ya ce wane gyara? Doka ta gidajen kwana ce, ba ta shafi ɗakin ajiya ba. Ashe akwai wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana son ginin ya zuba kaya, tsoron shari'a da masu haya ne kawai ya hana a ba shi. Yanzu ga shi kun kawo masa har gida, da hatimin gwamnati a jiki.

Ban wanke kaina ba, ni na rubuto maka. Amma ni wanki na sani. Kai ne ka ce ka san ginin kamar yunwar cikinka.

Inna ma an ba ta tata. Ta ninke takardar sallamar ta sa ƙarƙashin keke ta ci gaba da ɗinki, wai ɗanta na can yana gyara maganar. An ba masu haya wa'adi zuwa ƙarshen sanyi. Ka faɗa mini yadda za a cire jar takardar nan daga ƙofar, kuma kada ka yi mini dalla-dalla.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman afuwa kan wayar. Ina ganin sunanki na kasa ɗauka, ban san da wane baki zan yi magana ba.

Wallahi ban san yadda aka yi ba. Da kaɗan ta tsallaka daga rawaya zuwa ja, kaɗan ɗin da ko taga ɗaya aka toshe ba za ta tsallaka ba. Ina tsaye ina kallon lambar tana hawa, shugabana yana bayana. Na'urar da kanta take aika sakamako ofis tun kafin mu kwance fankar, an yi ta haka ne don kada ma'aikaci ya karɓi na goro ya sauya. Ba ni da hannun taɓa ta. Ɗakin ya fi yadda na san shi zuba, shi ne abin da na kasa ganewa. A ido kuwa ban taɓa ganinsa tsaf da haske kamar ranar ba.

Na bi duk ƙofar da na sani. Ana iya sake gwaji, amma mai gida ne kaɗai ke da ikon nema. Na kira shi da sunan ofis, na yi masa bayanin tallafin gyara, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce ya gode, shi bai ga laifin gwajin farko ba. Maganar ɗakin ajiya kuwa mun san da ita, ba ginin Inna ne na farko ba. An rubuta wa na sama a toshe wannan kafa, sun ce yana gaban kwamiti.

Saura hanya ɗaya, kuma na yi ta juya biro kafin in rubuta ta. Idan ya tabbata ma'aikacin da ya yi gwaji yana da dangi a gidan, ana soke gwajin kamar ba a yi ba. A cire takardar, sallamar da aka ba masu haya ta faɗi, wani ayari ya zo ya sake. Shi kuma ma'aikacin a kore shi, kuma ba zai sake aiki a wannan fanni ba. Na gaya miki ne don kada ki ji a wani wuri ki ce na ɓoye.

Yaya, dalilin da na ce za ki ji, amarya juna biyu gare ta. Gidan da muke ciki na hukuma ne, ranar da aiki ya tafi shi ma ya tafi.

Ga abin da nake gani. Inna ta dawo wurina. Akwai ɗaki, gidan koriyar takarda gare shi, ba za ta sake sanin sanyi ba. Zan aiko mota ta ɗauke ta da kekenta. Ki taya ni lallashinta, ke take jin maganarki.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Allah ya raba lafiya, na yi wa amarya murna, ita ba ta yi mini komai ba.

Ka ce ba ka san yadda aka yi ba. To ni yau na sani, kuma da ban sani ba ya fi mini.

Na je in fara rage mata kaya, na durƙusa in jawo akwatin Baba daga ƙarƙashin gado, sai na ci karo da buhu biyu cike taf. Na kwance, tsummokara ne. Na ɗaga kai na dubi taga, fayau, ana hango titi ta tsagar. Ƙarƙashin ƙofa fayau. Silin fayau. Tun ranar nake shiga ɗakin nan, hankalina na kan jar takarda, ni ma ban ɗaga kai ba sai yau.

Na ce Inna, wa ya cire waɗannan? Ta ce ita. Na ce don me? Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce:

"Ko bai ce ni ce uwarsa ba, ni ai na san ɗana ne zai shigo da babban mutum. In bari a ga tsumma a ɗakin da ya tashi?"

Kwana biyu ta yi tana zare su da tsinken saƙa. Na silin teburin keke ta taka ta ciro, da wannan gwiwar tata. Ta wanke gilashi, ta goge katako, ta wanke labule. An ce mata masu duba gida za su zo, ita kuwa a saninta in za a duba gida gyara shi ake yi. Kuma ba ta mayar ba har yau, wai ko za ku dawo. Cikin wannan iskar take kwana tun ranar, tarin har ya sauya murya.

Ban gaya mata su ne suka ja mana ba. In ka gaya mata ban yafe maka ba.

Amma kai zan gaya wa. Ka cika mini takarda da koriya da rawaya, ka koya wa uwarka yadda za ta yi kamar ba ta haife ka ba, abu ɗaya da ya kamata ka faɗa, a bar ɗakin yadda yake, shi ne ba ka faɗa ba. Sannan ka shiga ka tsaya a tsakiyarsa, kai da ka yi rarrafe kana jan ƙyallayen nan tana bugun hannunka, ba ka lura babu su ba. Wai ɗaki ya yi haske. Baƙin ciki kamar ya kashe ni da na karanta wannan layin.

Na mayar da su duka, kowace kafa na cusa, har yatsuna suka yi jini. Kai da bakinka ka ce ko taga ɗaya aka toshe ba za ta tsallaka ba. To an toshe. In aka sake gwaji rawaya ce. Saura abin da ke hannunka.

Na san abin da nake nema. Na san ciki, na san gidan hukuma. Kai yaro ne, ga takardun makaranta, za ka samu wani aikin ko da wuya. Ita ina za ta samu wani ɗakin da mijinta ya cika? Malama da 'ya'yanta ina za su? Mai Shago da ya tsufa a bakin ƙofar nan fa? Ka je ka gaya musu baiwar Allahn nan uwarka ce. Ba ƙarya za ka yi ba ai.

Maganar ta koma wurinka kuwa na yi mata, ta ce wa zai kawo mata ɗinki a garin da ba ta san kowa ba. Ta matsa sai na faɗa mata ɗaya hanyar, na faɗa. Ta yi mini faɗan da rabon da in ji irinsa tun ina budurwa. Wannan tsakanina da ita ne, kai dai ka yi abin da ya kamata.

Yayarka

*

Autana,

Ina gaishe ka, ina gaida 'yata, Allah ya sauke ta lafiya. Malama ce take rubuta mini, na ce ta rubuta yadda na faɗa kada ta gyara.

Yayarka ta gaya mini abin da take so ka yi. Ban yarda ba. Ka san ta da zafi tun tana ƙarama, bakinta ne kawai, cikinta babu komai. Kada ka biye mata.

Ranar da ka zo na ga yadda dogon nan yake tambayarka kana ba shi amsa, yana gyaɗa kai. Na ce ashe haka ɗana ya zama. Da Babanku ya ga wannan. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko da ban samu na yi maka magana ba.

Ɗaki ɗaki ne. Na daɗe a cikinsa, ya ishe ni. Matakalar ma ta fara fin ƙarfina, ban dai faɗa ba ne. Maƙwabta na ba su haƙuri, na ce na'ura ce, ba kai ba. Wasu sun karɓa, wasu sai a hankali.

Ka riƙe aikinka da hannu biyu. In ka sake shi saboda ni, ka sani ba ka yi mini gwaninta ba. Na fara ɗinka wa jariri 'yan riguna, ban san mace ko namiji ba, na yi fari.

Ka riƙa shan ruwa in ka hau bene. Allah ya yi maka albarka.

Innarka

Daga mai rubutu: na rubuta yadda ta faɗa. Ni ba na cikin waɗanda suka karɓa.

*

Auta,

Gaisuwa. Mun aiko biyu, tawa da ta Inna, ban ga amsa ba, wannan ta uku ba ta neman amsa.

An kwashe. Motar da ka aiko na mayar da ita, Baban yara ya samo ta wani abokinsa. Direbanka ya ce ka ce a gaishe mu, mun amsa.

Malama ce ta fara tashi, ta kai yara wurin ƙanwarta a wani gari, a tsakiyar zangon karatu. Mai Shago ya karyar da kayansa ya rufe. Da zai tafi ya hau har sama ya yi wa Inna sallama, bai ambace ka ba, ita ma ba ta ambace ka ba. Mu ne na ƙarshe. Muna sauke kaya ma'aikatan ɗan kasuwar suna hawa da guduma, muna gogar kafaɗa a matakala.

Inna ta share ɗakin kafin ta fita. Na ce wa kike share wa, ta ce ba za a ce ta bar datti ba. Da ta zo bakin matakala sai ƙafar ta ƙi, numfashi ya ƙi. A kan kujera aka sauko da ita, Baban yara da direban abokin nasa, ta rufe fuska da mayafi don kada 'yan unguwa su gani. Mai Tabarau na tsaye a ƙasa yana jiran makulli, har da ce mata Allah ya ƙara sauƙi.

Tana ɗakin yara yanzu, su sun koma falo. Keken na nan a baranda an rufe shi da zane, babu inda zai shiga, kuma ba wanda ya biyo ta da ɗinki. Yini take a zaune tana kallon bango. In na dawo aiki ta tambaye ni ko ka yi waya, in ce ka yi, kana gaishe ta.

Ta ce ka riƙe aikinka, ka kuma riƙe. Ka yi biyayya, ba wanda zai ce ba ka yi ba. Ni dai na san da wasiƙarta ba ta zo ba ma haka za ka yi, ta dai sauƙaƙa maka ne, kamar yadda ta saba. Ina jin haushinka, Auta, haushin da ban san ranar da zai wuce ba. Gara in faɗa maka da in riƙa amsa gaisuwarka da shi a ciki.

A gaida amarya.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki gaida Inna, ki duba mini jikinta.

Na miƙa. Tun ranar da wasiƙarki ta tsummokara ta zo na rubuta wa hukuma takardar cewa Inna uwata ce, na yi ta yawo da ita a aljihu har ta tsufa. Kullum in ce gobe. Da ta Inna ta zo na ji kamar an sauke mini kaya, kin faɗi gaskiya. Da na karanta an sauko da ita a kujera, washegari na shiga ofishin shugabana na ajiye masa.

Ya karanta, ya cire gilashinsa, ya ce tsohuwar da ta ba mu ruwa? Na ce ita. Sai ya ce da na faɗa masa a matakala da ya sa wani ya riƙe na'urar, shi ke nan. Ban san haka ba, Yaya. Ban tambaya ba.

Sun sallame ni. An ba mu wa'adi mu bar gidan, amarya za ta koma wurin iyayenta har ta haihu. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini magana ba.

Amma an soke gwajin. Lauyan hukuma ya ce tunda an soke, sallamar ba ta da tushe, duk mai haya yana da ikon komawa ɗakinsa har a sake gwaji. Takardar na hanya, za a kai ginin, za a ba Mai Tabarau tasa. Ki nemo Malama da Mai Shago ki gaya musu. Ki ce wa Inna ta shirya, ni da kaina zan hau da keken.

Kada ki gaya mata maganar aikin tukuna.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ka.

Takardar ta iso. Wani mai gadi ne ya karɓa, ya ce bai san masu waɗannan sunaye ba. Na hau na duba. Sun fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna, hawan sama ya zama fili guda, buhuna har rufi. Na kasa gane inda gadonta yake. Mai Tabarau ya ce in ina da magana in je kotu, an riga an yi wa ginin rajistar ɗakin ajiya.

Inna na asibiti, ƙirjin ne. Likita ya ce a kira na nesa.

Jiya ta tambaye ni ko kana nan kan aikinka. Na ce kana nan, har ana maganar ƙara maka girma. Ta yi murmushi, ta ce ai ta sani.

Ka taho gobe. Ka sa rigar aikin nan mai tambarin hukuma a ƙirji. In sun karɓe, ka aro.

Yayarka